Duk Kun Yi Na Ɗaya, To Wa Ya Riƙe Wutsiyar Ajin?

Iyayen yara! A gyara zama, yau da ku nake.

Tun da nake a duniya ban taɓa haɗuwa da uban da ya ce shi ne ya zo na talatin da bakwai a ajinsu ba. Duk wanda ka tambaya, na ɗaya ya riƙa ɗauka tun daga aji ɗaya har aji bakwai. In ya so ya nuna tawali'u sai ya ce akwai zangon da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya zo na biyu. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ina 'yan kashin baya suka shige? Ko dai ba su yi aure ba, ko ba su haihu ba, ko kuwa ƙasa ce ta haɗiye su ranar da aka ba da hutu. Kada wanda ya ɓata rai, ni ma abin da nake gaya wa nawa 'ya'yan ke nan, kuma na gode wa Allah da gara ta cinye katina.

Abin da ya tayar da zancen, wani ƙanena ne da neman abinci ya kai Amurka da iyalinsa. Ran nan cikin dare sai ga wayarsa, shi can ko magariba ba su yi ba.

"Yaya, ka yi barci?"

"Da na yi. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Yarinyar nan ta zubar mini da mutunci."

'Yarsa ce ta aji uku ta kawo katin sakamako. Shafi biyu cur, layi bayan layi, kowane layi da lamba a gabansa. Ya ce ya duba sama ya duba ƙasa, babu maki cikin ɗari, babu inda aka rubuta ta nawa ta zo. Sai 3, 3, 3, 2, 3, kamar lambar waya. "Wuri ɗaya tak ta yi na ɗaya, Yaya, a rubutun insha'i. Saboda shi ma na daure na saya mata keke."

Na ce ya turo mini hoton katin. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, ga bayanin lambobin nan an yi dalla-dalla, bawan Allah bai karanta ba. A wannan tsari 4 ce sama, 1 ce ƙasa. Na ce masa, "Ƙanena, keken nan da ka saya, ladan abin da ba ta iya ba ne." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.

Ku yi dariya son ranku, amma na san rabinku da rago za ku yanka.

To bari in warware muku abin, tun kafin ku fara jifa. Makarantun firamare da yawa a Amurka sun bar tsohon salon da ake tara komai a ba yaro A ko B ko C a darasi. Yanzu kowane aji yana da jerin abubuwan da aka ce lalle yaro ya iya su kafin shekara ta ƙare. Wannan jeri shi ne mizani. A 2010 aka fito da wani mizani na bai-ɗaya a lissafi da Turanci mai suna Common Core, jihohi sama da 40 suka karɓa. A cikinsa an ce ɗan rabin aji ya iya ƙirga har ɗari, ɗaya-ɗaya da kuma goma-goma. Ɗan aji ɗaya ya iya duba agogo ya faɗi awa da rabin awa. Ɗan aji uku, kafin ƙarshen shekara, ya haddace sau na lambobi daga ɗaya zuwa tara, ka ce masa bakwai sau takwas ya ce hamsin da shida ba tare da ya lanƙwasa yatsa ba. Katin sakamako sai ya ɗauko waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya gaya maka inda ɗanka ya tsaya a kowanne.

Lambobin kuwa, ku ɗauka awon hatsi ake yi a kasuwa. Mudu ɗaya ne ga kowa. In an ce 1, yanzu aka fara zubawa, gindin mudu ake gani. In an ce 2, ya haura rabi, ya kusa baki. In an ce 3, mudu ya cika, ciniki ya faɗa, yaro ya iya abin da ake so ɗan ajinsu ya iya. Ita kuwa 4, ita ce gyara: ya cika ya tumbatsa, yaro na iya ɗaukar abin da ya koya ya warware matsalar da ba a taɓa nuna masa irinta ba. Wanda ya sayi mudu aka cika masa, ya tsaya yana kuka don ba a yi masa gyara ba, ai neman rigima yake. 'Yar ƙanena ta cika mudu kusan ko'ina, uban yana can yana cewa an zubar masa da mutunci.

Na hango Alhaji ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Alhaji.

"Malam, duk mun ji. Mudu, tiya, buhu. Ni dai ka gaya mini, na nawa ya zo?"

Ranka ya daɗe, na nawa a cikin su wa? Ka ɗauki yaron da ya yi na ɗaya a ajin da babu mai iya haɗa baƙi, ka kai shi ajin zaƙaƙurai, sai ya koma na talatin, alhali abin da ke kansa bai ragu da ƙwayar gero ba. Ka mayar da shi ajin farko ya sake zama zakara. To labarin wa lambar ta ba ka? Labarin 'ya'yan maƙwabta. Ka biya kuɗin makaranta zango uku, an ba ka rahoton 'ya'yan mutane, ka karɓa kana murna. Kuma a aji mai yara hamsin, ko duk sun zama gwanaye, dole wani ya zo na hamsin. Ko duk sun zama daƙiƙai, dole wani ya zo na ɗaya a ba shi kyauta ranar taro, a tafa masa. Awon mizani ba ruwansa da wannan. In yara hamsin sun iya, hamsin ɗin za su sami 3. In babu wanda ya iya, babu mai samu, sai hedimasta ya fito ya yi bayani.

Ga Hajiya can tana gyara mayafi. "Ni fa maki cikin ɗari na sani. In an ce 78, na san 78 ne. Lamba ba ta ƙarya."

Allah ya ja zamanin Hajiya, lamba ba ta ƙarya, amma mai rubuta ta fa? A 1912 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka ɗauki takardun jarrabawar Turanci na ɗalibai biyu, suka yi kwafinsu, suka rarraba wa makarantun sakandare, malamai 142 suka duba. Takarda guda, rubutu guda, amsa guda. Ta farko wani ya ba ta 64, wani ya ba ta 98. Ta biyu ta tashi daga 50 har 97. Mutane suka ce ai Turanci ne, kowa da ɗanɗanonsa, a gwada lissafi a gani. Shekara na zagayowa suka gwada da takardar lissafi, tazarar ta ma fi ta farko faɗi. Saboda haka in ɗanki ya ci 78, ɗan kishiyarki ya ci 79, kada ki hana kanki barci. Wataƙila bambancin shi ne wanda aka duba takardarsa kafin malam ya ci abincin rana da wanda aka duba bayan ya ƙoshi. Matakai huɗu masu bayyanannen bayani sun fi sauƙin haɗa kan malamai biyu a kan hukunci ɗaya fiye da matakai ɗari da ɗaya da babu mai iya faɗa miki abin da ya raba 61 da 62.

Su kansu haruffan A da B da C da wasunku ke rantsuwa da su, ba daga sama aka saukar da su ba. Kwalejin Mount Holyoke ta jihar Massachusetts na cikin waɗanda suka fara amfani da su, a 1897. Ganuwar Kano ta girme su da ɗaruruwan shekaru.

Yanzu sai malaman lissafi, masu tarawa su raba. Ku matso kusa, ga ɗan aiki. Yara biyu, gwaji huɗu a zango. Na farko ya ci 20, sai 40, sai 85, sai 95. Na biyu ya ci 95, sai 85, sai 40, sai 20. Ku tara ku raba huɗu. Kowannensu 60, ko ba haka ba? A katinku tagwaye ne. Amma na farko ya shigo bai san komai ba ya fita gwani, na biyu kuwa wani abu ya same shi a tsakiyar zango, ko ciwo, ko yunwa, ko rigimar gida, yana gangarawa babu mai tare shi. Kun dama su wuri ɗaya kamar fate, kun ce ɗanɗanonsu ɗaya. A awon mizani abin da yaro ya nuna a baya-bayan nan shi ake ba wa nauyi. Na farko 3 zai samu, domin yau ya iya. Na biyu kuwa a kira iyayensa tun kafin hutu. Wace uwa ce ke tara faɗuwar da ɗanta ya yi yana tatata, ta raba da takun da yake yi yau, ta ce tafiyarsa hamsin ce cikin ɗari?

Sai maganar ƙwai, wato sifilin da malam kan zana wa yaro in bai kawo aikin gida ba. A yawancin makarantun Amurka, daga 90 zuwa sama A ne, B da C da D kowanne maki goma-goma, faɗuwa kuwa ta kwashe tun daga 59 har ƙasa. Wani masani, Douglas Reeves, ya yi rubutu a kan haka a 2004, yana nuna rashin adalcin abin. Ku duba da kanku: yaro ya sha ƙwai sau ɗaya, gobe ya cinye ɗari cif, a tara a raba, hamsin, har yanzu a faɗe yake. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Kuma ƙwan nan bai ce yaro bai iya ba. Cewa ya yi bai kawo ba. Wataƙila talla aka aike shi, wataƙila wuta aka ɗauke, wataƙila kuma tsabar lalaci ne. Ko wanne ne, amsar wata tambaya ce daban.

Na ji gyaran muryar Kawu, mai bulalar dorina a bayan ƙofa. "Wato yaro ya ƙi aiki a ƙyale shi? Ya faɗi jarrabawa a ce ya sake? Haka kuke lalata su!"

Kawu, a yi mini aikin gafara, ba a ce a ƙyale shi ba. Hukuncin wanda bai yi aiki ba shi ne ya zauna ya yi aikin, ko da lokacin tara ne abokansa na waje suna ƙwallo. Wanda aka zana wa ƙwai aka wuce ai shi ya ci riba, ya huta. Sannan halayya tana da nata gurbin a katin. A lardin Ontario na Kanada, tun 2010 katin sakamako ya ware abubuwa shida da ake dubawa daban da darasi, irin su riƙon amanar aiki, da tsari, da iya aiki shi kaɗai, da haɗa kai da 'yan'uwa. Thomas Guskey, wani farfesan ilimi da ya daɗe yana nazarin wannan fanni a Jami'ar Kentucky, shawararsa ke nan: a raba abin da yaro ya iya, da yadda yake gudanar da aikinsa, da nisan da ya yi daga inda ya faro, kowanne a faɗe shi da bakinsa.

Kun san yarinyar nan mai ladabi, mai share allo, mai ɗauko wa malama jaka, wadda ba a jin muryarta a aji? A tsohon tsari ladabinta kan saya mata maki, ta yi ta haurawa aji-aji, sai an je aji shida a tarar ba ta iya karanta wasiƙa ba. Kun kuma san ɗan ƙiriniyar nan da ba ya zama wuri ɗaya, amma lissafi a kansa kamar ruwa? Shi kuma surutunsa ya cinye masa maki, a ce daƙiƙi ne. An cuci yarinyar, an cuci yaron. Da an raba, da kati ya ce: ladabi madalla, karatu da saura; ko kuwa lissafi madalla, zama wuri ɗaya sai addu'a.

Batun sake jarrabawa kuwa, Kawu, in ce ko sau uku ka je gwajin tuƙi kafin a ba ka lasin? Ga shi yau kana jan mota har Legas. An rubuta a jikin lasin ɗin cewa rabin direba ne kai?

To ga babbar hujjarku, wadda kuka ɓoye sai ƙarshe: "Wannan duk kayan Turawa ne, ba mu gada ba."

Ayya! A nan kam kun taka sawun ɓarawo. Wane ne a cikinku bai yi makarantar allo ba? Ka rubuta allonka, ka biya, ka je gaban malam ka kawo. In ka kawo daidai ya ce je ka wanke. In ka yi gargada ya ce koma ka sake. Ba ya ce maka ka ci arba'in da biyar cikin ɗari, wuce gaba, ragowar hamsin da biyar ɗin Allah ya kyauta. Ba ka shiga farfaru sai ka ƙware a babbaƙu. In baƙo ya zo gidanku ya ce, "Ina yaron nan ya kai a karatu?" ba a cewa na bakwai ya zo. Cewa ake ya kai Sabbi, ko ya shiga Amma, ko izu goma ya rage masa ya sauke. Da jin haka baƙo ya san abin da ke kan yaro da abin da ya rage masa cikin izu sittin. Wani ya sauke da wuri, wani ya daɗe, sannu ba ta hana zuwa. Haka tela ba ya miƙa wa yaronsa shaddar mutane sai ya ga ya iya miƙe ɗinki a ƙyalle. Wani masani na Jami'ar Chicago, Benjamin Bloom, sai a 1968 ya rubuta cewa yawancin yara za su ƙware in an ba su lokaci da gyara, kada a wuce da su sai sun iya. Da ya biyo ta tsangaya, da gardawa sun rage masa wahala. Ban ce abu ɗaya ne sak ba, amma dangi ne na kusa. Shi kuwa "na nawa ka zo" da kuke karewa kamar gadon kaka, a jakar boko ya zo mana.

Kada kuma ku ce abin ya tsaya a ƙetaren teku. Ghana ta shigo da manhajar firamare mai bin mizani a 2019, 'yan'uwanmu na zango-zango a Kumasi da Accra 'ya'yansu a cikinta suke. A Kenya sabon tsarinsu matakai huɗu yake bayarwa: ya zarce abin da ake tsammani, ya cimma, ya kusa, yana ƙasa. Guguwar tana kewaye, gara ku san sunanta kafin ta ɗauke muku hula.

Amma tsakani da Allah, kuna da gaskiya a wasu wurare, ba zan ci haƙƙinku ba. Wani katin, layi arba'in ne da Turancin masana, uba ya karanta sau uku ya rasa ko yabo ne ko zagi. Wata makarantar 3 ɗin wannan malama ita ce 2 ɗin waccan, saboda ba su zauna sun daidaita mudunsu ba, kuma mudun da aka bubbuge gindinsa ai kun san aikinsa. Yaro mai ƙoƙari kan amsa duk tambayoyi daidai a ba shi 3, ya dawo gida yana hawaye don ba a nuna masa hanyar 4 ba. A makarantu da yawa kuma da mizanin ƙarshen shekara ake awo, saboda haka 2 a zangon farko ba abin tashin hankali ba ne, amma in ba a gaya wa iyaye ba sai gida ya kama da wuta. A Amurkan ma an yi ja-in-ja. Jihar Maine ta yi doka a 2012 cewa da irin wannan awo za a riƙa ba da shaidar gama sakandare, aka yi ta kai ruwa rana, a 2018 majalisarsu ta janye tilascin. Sannan malamin da ke da yara ashirin da 'yan kai a aji shi ke iya bin kowane yaro layi-layi. Namu malamin da aka tara wa yara ɗari a ɗaki ɗaya, wasu a tagogi, albashi kuma sai an ga dama, in ka ce ya cike layi arba'in ga kowane yaro, 3 zai jera musu daga sama har ƙasa ya tafi neman abin cefane. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Duk da haka tambayar da tsarin ya zo da ita ba ta bukatar kuɗi, ba ta jiran gwamnati. Shi ƙanen nawa, da ya huce, ya je ya sami malamar. Ta buɗe masa fayil, ta nuna masa rubutun 'yarsa na farkon zango da na ƙarshe. Ta ce yarinya na da labari a baki, amma in ta zo rubutawa sai ta zubo shi a dunƙule, babu farko babu ƙarshe, babu aya. Ta ce kullum da dare ta ba shi labari ɗaya, sannan ta rubuta shi cikin jimla biyar. Da 64 aka rubuta mata a Turanci, me zai yi da 64? Sai dai ya yi faɗa, ya ce ta ƙara ƙoƙari, ita kuma ta rasa ta ina ƙoƙarin zai fara. Keken dai yana nan, ba a mayar ba. Ya ce kafin alƙalami ne.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, Kawu, ga roƙona. Ƙarshen zangon nan in yaro ya shigo da kati, ku haɗiye "na nawa ka zo" ko da na minti biyar ne. Ku ce masa, "Me ka iya yanzu wanda ba ka iya ba kafin a koma?" Ku miƙa masa takardar maganin da ke kan tebur ya karanta, ko ku ba shi lissafin canjin cefane. In kun je makaranta ku ce wa malam, "Wane abu ɗaya ne ya fi ba shi wuya, mu taya ka a gida?" Za ku ga malam ya gyara tsayuwa, don ba kullum ake yi masa irin wannan tambaya ba.

Wanda kuma har yanzu yake kan bakansa cewa shi na ɗaya ya yi tun daga aji ɗaya har bakwai, ƙofa a buɗe take. Ya aiko mini da katin, da sa hannun hedimasta da hatimi. In gara ta cinye, to mu haɗu a layin baya, na ajiye masa wuri kusa da ni.